Gadar da Na Yi wa Dariya

Gadar ta tsaya, Ishaya! Gadarku ta igiya ta tsaya! Jiya da rana ruwa ya sauko daga duwatsu, irin saukowar da rabona da ganinta tun ba a haife ka ba. Ya cika mayo, rafin nan na bayan unguwarmu, baki da baki, ya tumɓuke ɓauren da ke bakin gonar Malam Buba ya wuce da shi kamar tsinke, amma gadar da ku 'yan sikawut kuka ɗaura tana nan daram. Ni da kaina na haye ta. Yadda na haye kuwa zan gaya maka a gaba, gara ka ji daga gare ni kafin kakarka ta sa wa labarin gishiri.

Ka ga na manta da gaisuwa. Malaminmu na ajin yamma ya sha gaya mana cewa wasiƙa da gaisuwa take farawa, amma murna ba ta bin layi. To jikana, abokina, ina gaishe ka da kyau. Yaya karatu, yaya zafin Yola, yaya malamanka da abokan zamanka? Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare fitarka da shigarka, ya raba ka da ciwo da mugun aboki. Mu nan lafiya lau. Dawa ta yi kyau, gyaɗa ta rufe ƙasa. Kakarka Kuve tana gaishe ka, ta ce in gaya wa mijinta na Yola cewa ta gaji da wannan tsohon na gida.

Wata bakwai ke nan da ka tafi kwalejin horon malamai, ba mu ga rubutunka ba, sai gaisuwar da kake aiko wa kakarka ta bakin direba. Hutun Ista ya zo ya wuce, ba ka zo ba. Ranar Lahadi Malam Dauda, malaminku na sikawut, ya tsayar da ni a ƙofar coci ya ce ka rubuto masa. Wai an ba ka jagorancin 'yan sikawut na ajinku, za ku fita daji kwana biyar a hutun nan, daga can ka koma makaranta ba tare da ka biyo ta gida ba. Na san dalili, kai ma ka sani. Shi ya sa na zauna da alƙalami.

Ban kira kowa ya rubuta mini ba. Da can in mutum yana da magana sai ya je wurin mai rubutu a bakin kasuwa ya faɗa masa, rabin maganar ta maƙale a wuya saboda kunya. Na gode wa Allah da ya kai ni ajin yamma da furfura a kaina. Abin da ya kai ni kuwa, shekarar da aka yi ƙuri'ar ko mu bi Nijeriya ko mu bi Kamaru, na tsaya gaban takarda a jikin bango, sai da na roƙi wani ya karanta mini abin da ya shafi ƙasar da nake nomawa. Yau ga amfanin zaman bencin nan: abin da zan gaya maka ba zai bi ta kunnen kowa ba. In ka ga harafi ya karkace, ka yi haƙuri, hannun fartanya ne.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Za ka riƙe 'ya'yan mutane a daji, ni kuwa ba ni da abin da zan ba ka guzuri sai kurakuraina. Suna da yawa, za su ishe ka.

Na fara da kaki. Ka tuna ranar da ka shigo gida da gajeren wando, da sanda, da ƙyalle a wuya, ka ɗaga yatsu uku kana sara mana? Kakarka ta yi guɗa, ni kuwa na tashi na shige ɗaki. Lokacin bai fi wata huɗu da aka kawo mana labarin ubanka Tizhe ba, cewa ba zai dawo daga yaƙi ba. Shi ma da kaki ya fita ta ƙofar nan, shi ma ya sara mini yana dariya. Da na ji usur a filin makaranta, na hango ku kuna fareti, sai zuciyata ta ce, to ga shi nan, sun gama da manya sun dawo kan ƙanana. Ban tambayi kowa ba. Malam Dauda ya zo har gida sau biyu don ya yi mini bayani, na sa aka ce ina gona, alhali ina tsugune a bayan rumbu.

Ranar da za ku fara fita kwanan daji wajen duwatsun hanyar Maiha, ka nemi ƙyallenka ka rasa. Ka birkice ɗaki, ka zargi akuya, har ka yi kuka. Ni ne na ɗauke shi, Ishaya. Na cusa shi cikin jinkar rumbun dawa, ina tsammanin in babu shi ba za a tafi da kai ba. Ka tafi haka nan, kai kaɗai ba komai a wuya. Daga baya kakarka ta yanki gefen zanenta ta ɗinka maka wani, wanda launinsa bai yi daidai da na kowa ba. Ta san ni ne. Ba ta tona ni ba, sai dai kwana uku tana zuba mini miya ba gishiri.

To, kai ma za ka gamu da iyaye irina, masu ɓoye ƙyalle, masu cewa ba sa gida. Kada ka ɗauke su jahilai. Ka zauna ka tambaye su abin da suke tsoro, don tsoho mai taurin kai sau da yawa akwai kabarin da yake tunawa. Kuma in ka je sau biyu ba ka samu ba, ka koma na uku. Da Malam Dauda ya dawo na uku da ya same ni, don a lokacin na gaji da ɓuya.

Da kuka dawo daga wannan fita, ƙafafunku duk kaushi da ƙaya, ka shigo da labari cike da baki. Ka ce, "Baba, mun hau dutsen da ake hango Mubi gaba ɗaya!" Na ce, "An ba awaki ruwa?" Sai ka haɗiye sauran, ka wuce madafa wurin kakarka. Abin da ba ka sani ba, na ɗauki fartanya na zauna a bayan zana kamar ina gyaran ƙota, na ji komai. Na ji yadda kuka kafa tanti a wuri mai yashi, iska ta zare turaku ya rufto muku. Na ji yadda birai suka kwashe muku gyaɗa, babbansu ya haɗa da hular Malam Dauda ya hau dutse ya zauna yana kallonku. Na ji tuwon da abokinku Haruna ya tuƙa, wanda ka ce in an jefi kare da shi sai ya yi kwana biyu yana ɗingishi. Na toshe bakina da hula ina dariya har da hawaye. Haka na yi ta yi shekara huɗu. Babu fitar da kuka yi da ban san labarinta ba, kuma babu wadda na taɓa ce maka sannu da dawowa.

Har ranar da Hammadu, ɗan Malam Buba, ya faɗo daga tsamiya ya karye a ƙafa. Kuka tuɓe riguna kuka zura sanduna biyu a ciki, kuka ɗaure ƙafar da kara, kuka ɗauko shi tun daga hanyar Vimtim har asibiti. A ranar na gane sandar nan taku ba ƙanwar bindiga ba ce. Malam Buba ya zo da ƙwaryar nono ya durƙusa a ƙofar gida, ya ce, "Tumba, jikanka namiji ne." Kana tsaye kana ji. Na ce, "Ai wasan yara ne."

In ƙaramin yaro ya zo maka da labari a sansani, ko na ƙadangare ne, ka ajiye abin da ke hannunka ka dube shi. In ya yi abin kirki ka faɗa masa a take. Yabon da aka bari a ciki kamar hatsin da aka ƙi buɗewa ne, mai shi yana ganin yana da dukiya, gara kuwa tana ci.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka sha jin cewa da ina saurayi ɓarayi sun ƙwace mana jakuna uku a hanyar Belel. Babu ɓarawon da ya taɓa mu.

Ni da yayana Zira ne, farkon damina, ban daɗe da auren kakarka ba. Mun ɗauko gishiri da kanwa za mu kai Belel. Rana ta take muka iso wani mayo gaba da Maiha, ya bushe ƙaf, yashi fari mai laushi, ga inuwar itatuwa ta faɗo ciki. Muka sauke kaya a tsakiya, muka tona yashi muka sami ruwa, muka yi wa jakuna dabaibayi don kada su yi nisa, muka ɗora tukunya. Sai ga wani tsohon Bafulatani a kan gaɓa da shanunsa. Ya ce, "Samari, ku hau tudu. An yi ruwa a dutse."

Na ɗaga kai, sama fes, ko gajimare babu. Na ce, "Baffa, kai ka san shanu, mu mun san hanya."

Bai yi fushi ba. Ya ɗaga sandarsa ya nuna wani reshe can sama da kawunanmu, inda busasshiyar ciyawa da karare suka maƙale. Ya ce, "Wa ya rataye wancan? Tsuntsu?" Ya kaɗa shanunsa ya wuce, mu kuwa muka yi ta dariya.

Tukunya ba ta tafasa ba muka ji ƙugi kamar garke ya taso a guje. Kafin mu miƙe ga ruwa ja wur ya karyo kwana, da itatuwa a gabansa. Ni da Zira muka kama saiwa muka haye gaɓa da ƙyar. Jakuna kuwa, da hannunmu muka ɗaure musu ƙafa. Har yau ina jin kukansu. A hanyar komawa muka haɗa baki za mu ce ɓarayi ne, don ɓarawo ba abin kunya ba ne, wauta kuwa abin kunya ce. Zira ya mutu da maganar a cikinsa. Yau da safe na gaya wa kakarka, bayan shekara arba'in. Ko juyowa ba ta yi ba, tana tankaɗe ta ce, "Na sani tun ranar. Wane ɓarawo ne yake ƙwace jaki ya bar mutum da yashi cike da kunne?"

Saboda haka ka ji ni da kyau, don damina za ku fita. Kada ku sauka a cikin mayo, komai laushin yashinsa, ko da na hutun rana ne. Kada ka dubi saman da ke kanka, ka dubi duwatsu, don ruwan da zai kashe mutum ba a kansa ake yin sa ba. Duk inda za ku kafa tanti kusa da rafi, ka ɗaga kai ka nemi ciyawar da ruwan bara ya rataye a rassa, ku hau sama da ita. Na san kuna da taswira, Malam Dauda ya taɓa nuna mini, abu ne mai kyau. Amma taswira ba ta san inda aka yi ruwa yau ba. In kun isa gari ku fara gaida mai gari, sannan ka nemi makiyayi da matan da ke ɗiban ruwa ka tambaye su, ka kuma tsaya ka ji amsa. Ku tafasa ruwan sha saboda kurkunu. Ku kakkaɓe takalma kafin ku sa. Ka ƙirga yaranka duk inda kuka tashi, ka sa wanda ya fi rauni a gaba don tafiya ta zama tasa. Wannan na ƙarshen a fatauci na koya, da jaki gurgu ake auna zango.

Da na ba ka labarin jakunan nan tun kana ƙarami, da ba mu kai ga abin da ya faru a hutun Kirsimeti ba. Shi ne babban laifina, shi ne kuma ya hana ka zuwa gida.

Malam Dauda ya ba ka aikin gada a matsayin aikinka na ƙarshe kafin ka tafi, don mata da tsofaffi su daina zagayawa ta hanyar mota in mayo ya kawo. Ina dawowa daga yankan dawa na same ku kun haƙa ramuka kun kafa turaku huɗu kusa da ɓaure. Na ɗaga kai, na ga ciyawa a reshe, ta fi turakunku tsawo da kamu uku. Na san ruwan farko zai tafi da aikinku. Abin da ya kamata in yi, in kira ka gefe in nuna maka, ka koma ka faɗa wa yaranka kamar kai ka gano. Maimakon haka na tsaya a kan gaɓa na ɗaga murya.

Na ce, "Wane ne madugun wannan shirme?"

Ka ce, "Ni ne, Baba."

Na ce, "Gada ba ƙusa? Da igiyar rama, kamar za a ɗaure akuya? Kuma a nan ƙasa? Ɗaga kanka. Wa ya rataye ciyawar can? Tsuntsu?"

Maganar tsohon Bafulatanin ce, na ara na yafa kamar tawa. Yara suka fashe da dariya. Da na tsaya nan da da sauƙi. Amma dariyar ta yi mini daɗi, sai na ƙara: "Shekara huɗu kana yawon daji da usur, ba ka san ruwa ba. Da ubanka yana nan da kunya ta kashe shi."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Ba ka dube ni ba, ciyawar ka duba, ka daɗe kana dubanta. Sannan ka juya wurin yara ka ce, "Ku tone." Kuka tone turakun, kuka matsa sama inda gaɓa take da tudu da dutse. Wurin ya fi faɗi, sai da kuka ƙara kwana uku kuna saran itace da gora, hannuwanku duk suka yi kanta. Kuka gama. Ranar tafiyarka ka durƙusa ka yi wa kakarka sallama, ni kuwa a tsaye ka ce mini, "Sai wata rana," ka hau mota.

Ishaya, ƙarya na yi wa ubanka. Tizhe yana kamar shekarunka ya yi mini jinkar ɗaki, iskar farko ta ɗauke ta ta ajiye a gonar maƙwabci. Ya tsaya yana dariya har ya riƙe ciki, sannan ya je ya ɗauko ta ya sake. Da yana nan ranar, da riga zai tuɓe ya shiga rami tare da kai. Kunyar da na ambata tawa ce. Ni an gaya mini gaskiya da ladabi na yi dariya, na kashe jakuna uku, na ɗora wa ɓarayi. Kai an gaya maka ita da zagi a gaban yaranka, ka tsince ta daga cikin zagin ka yi aiki da ita. Ka fi ni. Na daɗe da sanin haka, rubutawa ce ta yi mini wuya. Ka yafe mini.

Shawarar da ke nan gajeriya ce. In za ka gyara wa yaro, ka ja shi gefe. In ka ji ana dariya don maganarka, ka rufe bakinka nan take, don abin da zai biyo baya ba gyara ba ne. Kuma kada ka taɓa ɗauko wanda ya mutu ka doki mai rai da shi.

To, ga labarin jiya. Tun da kuka gama gadar ban taɓa taka ta ba. In mayo ya bushe in bi ta yashi, in ya kawo in zagaya ta hanyar mota, ina gumi, mata suna wuce ni ta sama suna gaishe ni. Ƙananan 'yan sikawut kuwa duk Asabar sai sun zo sun ƙara tamke igiyoyin, su shafa wa turaku baƙin mai saboda gara, kamar yadda ka bar musu.

Jiya muna gona a hayi ni da kakarka, rana tana haske. Ta miƙe ta dubi gabas ta ce, "Tsoho, dutse ya yi baƙi." Ba ta rufe baki ba na ji ƙugin nan da na sani. Kafin mu iso, mayo ya cika. Hanyar mota ma ta kwari take bi, ruwa ya shafe ta, ga hadari yana tahowa. Muka tarar da mata da 'yan itacensu sun taru a bakin gada, kowa yana kallona, wai ni ne babba. Na dubi wurin da kuka fara kafa turaku, ruwan da ke wurin zai shanye mutum a tsaye har da hannunsa a sama. Tsakanin ruwa da gadarku kuwa bai fi kamu ɗaya ba.

Muna tsaye wani gungume ya taho ya daki turke. Gadar ta karkata, ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na ce shi ke nan. Sai ta dawo ta zauna. A nan na gane abin da na yi wa dariya. Da ƙusa ce da itacen ya tsage. Igiya kuwa ta ba da kai kaɗan, ta riƙe.

Kakarka ta ce, "Tsoho, matsa mini. Mijina ne ya ɗaura ta." Ta ɗora kwandonta a ka ta haye, ko igiyar gefe ba ta kama ba. Mata suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Saura ni. Na taka, na yi taku uku, sai na yi kuskuren duban ƙasa. Ruwa ja yana gudu a tsakanin gora, na ji kukan jakuna a kunnena. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Da rarrafe na haye gadarka, Ishaya, fartanya a kafaɗa, hulata ta faɗa ruwa ta kama hanyar da ɓaure ya bi.

Malam Buba yana tsaye a ƙetare da rabin unguwa. Ya kewaye baki da hannu ya yi kira, "Tumba! Taho a hankali, kada ka ji tsoro, ai wasan yara ne!"

Mutane suka yi ta dariya har da masu zama a ƙasa. Ban ji haushi ba, bashi ne na biya. Da na iso na rungume turken ƙarshe, na ga ɗaurin da ka yi da hannunka, igiya a jere kamar kitso, ko ɗaya ba ta hau kan 'yar'uwarta ba. Sai hawaye. Kakarka ta ce wa mutane hulata nake yi wa kuka. Na gode mata da wannan ma.

Tun jiya godiya nake yi. Na gode wa Ubangiji da ya bar ni da rai har na ga wannan. Na je gidan Malam Dauda da ƙafata, na gaya masa ina bayan rumbu duk sau biyun da ya zo. Ya ce ya sani, ya hango ƙafafuna. Da alama a garin nan ni kaɗai nake tsammanin ina da asiri. Na gode masa da ya riƙe ka lokacin da ni na juya maka baya. Na gode wa daji da duwatsun da suka koya maka abin da ni na ƙi koya maka. Na gode maka kai ma, da ba ka bar gadar a ƙasa don ka ba ni haushi ba. Wani yaron da haka zai yi, kuma da jiya kakarka tana kanta.

Ƙyallenka na farko yana nan. Ban bar shi a jinka ba, shekarar da aka sake ta na cire shi na sa a akwatina tare da hoton ubanka. Kakarka ta wanke shi yau, yana kan igiya ina kallonsa. Ba zan sa shi cikin ambulan ba. Wanda ya cire shi daga wuyanka shi ya kamata ya mayar.

Allah ya kai ku dajin lafiya ya dawo da ku lafiya, kai da 'ya'yan mutane, ba wanda ya yi ko tuntuɓe. Ya tsare ku daga maciji da kunama da ruwan dutse. Ya ba ka haƙurin da ni ban yi ba, ya sa ka gama karatunka da albarka. Amin.

In kun gama kwana biyar ɗinku, ku biyo ta Mubi. In zuciyarka ba ta huce da ni ba tukuna, ba komai, ka zo don gadar, ita ba ta yi maka laifi ba. Ka zo da yaranka duka. Akwai tudu a bayan gonata da zai ɗauki tantinku, na je na duba rassan da ke wurin, babu ciyawa ko ɗaya. Kakarka ta ce ita za ta tuƙa tuwo, kada a bar wani Haruna ya taɓa muciya. Malam Buba ya yi alkawarin nono. Na aika wa mahaifiyarka a Michika ta zo ta ga aikin ɗanta. Ka gayyato malamanku, da shugaban makarantar in zai yarda, har direban da ke kawo gaisuwa, kowa ya zo ya gani da idonsa, tun alamar ruwan tana jikin turaku.

Yau da hantsi na koma ni kaɗai na gwada. Na kai tsakiya da ƙafafuna, ina riƙe da igiya, sannan na dawo. Gobe zan ƙara. Ku zo ku gani. Ranar da kuka iso ni zan fara hayewa a gabanku, a tsaye.

Kakanka,
Tumba